Gidan ledana ya koma tanda, ina kuskuren yake?

Sabon Shiga, Kura: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah shawarar manya nake nema. A watan Nuwamba na kafa gidan leda na noman tumatir a gonata ta bayan gari, faɗi mita 8, tsawo mita 24, tsayinsa a tsakiya bai cika mita 3 ba. Fayif na saya mai walda ya lanƙwasa mini, na lulluɓe da leda tun daga wannan gefe har wancan, na binne bakinta a ƙasa. Ƙofa ɗaya ce a gaba, sai 'yar taga a baya. Da sanyi tumatir ya yi kyau har maƙwabta na zuwa kallo. To tun da Maris ya kama fure sai zuba yake, ko da yatsa ka taɓa shi sai ya faɗo. Jiya da azahar na rataye ma'aunin zafi a ciki, ya nuna 51. Ni kaina ban yi minti biyar ba na fito, riga ta jiƙe sharkaf. Ga ledar kuma ta fara tsagewa daidai inda ta kwanta a kan ƙarfe. Ruwa kam ba na fasa ba su, safe da yamma. Ina kuskuren yake?

Baba Mai Lambu, Kadawa: Wa'alaikumus salam. Yarona, kai da ke da ƙafa ka gudo cikin minti biyar. Shi tumatir ina zai gudu?

Shugaban Zaure: Baba a yi masa a hankali, sabo ne.

Baba Mai Lambu, Kadawa: A hankalin ke nan ai. In tambaye ka, wa ya ba ka wannan fasalin?

Sabon Shiga, Kura: A YouTube na gani Baba. Wani Bature ne a Ingila yake nuna yadda ake rufewa, na bi shi tiryan-tiryan.

Injiniya, Samaru: To ga bakin zaren. Ɗan'uwa, shi Baturen nan sanyi yake gudu. Abin da yake so shi ne ya kama ɗan zafin ranar da yake samu ya kulle shi a ciki, don haka yake binne leda ta ko'ina. Bargo ya ɗinka wa shukarsa. Kai kuma a Kura, watan Afrilu a inuwa ma ana taɓa 40. Me za ka yi da bargo? Abin da muke bukata a nan abu biyu ne: lema a sama da za ta tare ruwan sama, da gidan sauro a gefe da zai tare ƙwari. Duk ledar da ta sauko ƙasa da kafaɗarka a ƙasar Kano ɓarna take yi.

Zubar furen kuwa ba ƙishirwa ba ce. Tumatir ya fi jin daɗi tsakanin digiri 21 zuwa 29 da rana. Da zafi ya haura 32 zuwa 35 garin furen nan mai ruwan ɗorawa yakan fara lalacewa, barbara ba ta kamawa, sai furen ya bushe a wuyansa ya faɗi. In dare ma bai huce ba abin ya fi muni. Ko tafkin Tiga za ka juye masa, a 51 ba zai ɗaura ɗa ba. Ƙarin ruwan ma in ka matsa saiwa za ta ruɓe.

Sabon Shiga, Kura: Innalillahi. Yanzu Injiniya sai in yaye ledar gaba ɗaya?

Injiniya, Samaru: A'a, kada ka yaye. Mu yi lissafi tare. Filinka 8 sau 24, murabba'in mita 192 ke nan. Ƙa'idar da aka saba bayarwa ita ce kafofin iska su kai kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na filin, wato kai kana bukatar wajen murabba'in mita 40 zuwa 48 a buɗe. Ƙofarka da tagarka duka sun kai 4? Ka ga inda aka kwana. Kuma wannan lissafin na kafa ce wangale. Da ka sa raga iskar da ke ratsawa za ta ragu sosai, sai ka ninka. In ka yanke leda ta gefe biyu tsayin mita 2 a duk tsawon gidan ka samu 96. Sannan gaba da baya su ma raga.

Mai Walda: Injiniya, mita 2 a gefen gidan da tsakiyarsa ba ta kai mita 3 ba, kuma baka ne, wato lanƙwasasshen fayif ɗin nan, ya taso tun daga ƙasa? Ai ruwan sama zai riƙa zubowa kan layin gefe, don ragar a kwance take ba a tsaye ba. Na gyara irin waɗannan sun fi a ƙirga. Maganin dai a ƙara masa ƙafa. A ɗaga bakan nan a kan sanduna miƙaƙƙu kamar mita 2 da rabi, a zuba musu kankare a rami mai zurfin rabin mita ko fiye. Sai gefen ya tsaya a tsaye, tsakiya ta haura mita 4.

Injiniya, Samaru: Gaskiyarka Malam, na yarda. Tsayin ma kansa magani ne, don iska mai zafi sama take hawa. In rufi ya yi ƙasa, zafin a kan shuka yake taruwa. Kuma in da hali a buɗe masa baki a ƙololuwa: ɓangare ɗaya na rufin ya ɗara ɗayan tsayi da kamar rabin mita zuwa mita, a rufe tsakanin da raga. Mai zafi ta fita ta sama, ta jawo mai sanyi ta gefe, ko da iska ba ta kaɗawa.

Hajiya Mai Tattasai, Bukur: Sannunku da muhawara. Ni dai kar a yi wa gidan leda kuɗin goro. Mu nan Filato, tudun da ya kai mita 1,200, daren Disamba sanyi kan tsayar da tattasai cak, ya daina girma. Dole in sauke labule da yamma. Shi ya sa ni gefena raga ce a ciki, ledar da ake naɗewa a waje. Na ɗaure bakinta a jikin dogon fayif, in na murza ta naɗe sama, in na saki ta sauko. Ku ma na ga lokacin hunturu ai kuna shan sanyin asuba.

Baba Mai Lambu, Kadawa: Hajiya, sanyin asubarmu tumatir so yake. Lokacin ne yake cika kwando. Tambayata ga matasan nan ita ce: da rani, a fili, ba leda ba raga, muna loda motoci a Kwanar Gafan har a rasa mai saye, wani ya zubar a bakin titi. To me ya kai mutum kashe dukiya ya rufe tumatir a watan Nuwamba, ya girbe daidai lokacin da kwando ya faɗi warwas?

Sabon Shiga, Kura: Wallahi Baba haka aka yi. Na Fabrairu da na kai 'Yankaba, kuɗin mota da ƙyar ya fita.

Baba Mai Lambu, Kadawa: To ka gani. Gidan nan in yana da rana, da damina ce. Yuni, Yuli, Agusta, lokacin da ruwa ke dukan fure, ganye ya ƙone da ciwo, matan gida su koma busasshen tumatir da na gwangwani. Wanda ya fito da ɗanye mai kyau a lokacin shi ke yanka farashi. Ni ban taɓa kafa shi ba, ba kuma zan kafa ba, shekaruna sun wuce. Amma lissafin kasuwa na san shi.

'Yar Jami'a: Don Allah tambaya. Tunda iska ake nema, me zai hana a bar gefen a buɗe kawai ba raga? Ai ya fi araha.

Injiniya, Samaru: Ƙanwata, kin manta 2016? Shekarar da tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira Sharon, 'yan jarida suka sa mata Ebolar tumatir, ta share gonaki har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta Kudancin Amurka, ta ɓulla a Sifen a 2006, ta gangaro mana. Uwarta ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare, tsutsar kuma cikin naman ganye take shiga, inda feshi ba ya iske ta da sauƙi. Ga farin ƙuda mai ɗauko cutar da ke murɗe ganye ya yi rawaya, shuka ta tsugune. Shi ne dalilin raga. Mai lamba 50, wato zare 50 a kowane inci, ita aka fi sawa don farin ƙuda. Mai lamba 40 ta fi barin iska amma ta fi sakaci.

Ɗan Maraɗi: Ina gaida mutanen Najeriya. Injiniya, nan ne ban yarda da kai duka ba. Wannan raga mai 50 na gwada ta nan wajenmu. Ta hana ƙwaro, gaskiya, amma ta hana numfashi. Hunturu guda ƙura ta toshe idanunta, in ka buga da hannu sai ka ga hayaƙi ya tashi. Cikin ɗakin ya zama kamar na shi wannan yaro. Ni yanzu na cire leda kwata-kwata, ragar inuwa na ja a sama mai tare rabin rana, salati da tattasai da yabanya na rayuwa har watan biyar. Ruwan samanmu bai kai naku ba, lemar me zan saya?

Injiniya, Samaru: Ban musa maka ba. Gaba kura baya sayaki ne: ka matse raga zafi ya kashe, ka sassauta ƙwaro ya shiga. Amma ragar inuwa ba ta tare farin ƙuda, kai ma ka sani. Wanda ya sa mai 50 sai ya faɗaɗa ta sosai, kuma ya riƙa wanke ta. Tiyo daga ciki zuwa waje, da burushi mai laushi, da hunturu ko duk sati biyu.

Ɗan Maraɗi: Ruwan wankin fa? Mu da muke auna shi da jarka.

Injiniya, Samaru: Nan kam ka kama ni. Ko tsintsiya mai laushi ce a kakkaɓe da yamma, ta fi babu.

Hajiya Mai Tattasai, Bukur: Bari in ba ku labarin raga, don ni ta taɓa sa ni kuka. Shekarata ta biyu, na sa raga mai kyau ko'ina, na ce na gama da ƙwari. Ashe yaron da ke min aiki in zai fito da baro sai ya tokare ƙofa da dutse, ya tafi cin abinci. Sannan na sayo yabanya a wani wuri ban juya bayan ganyen na duba ba. Cikin sati uku in ka girgiza tattasai sai ka ga farin abu ya tashi kamar an busa toka. Kuma abin da ba a faɗa wa mutane: ƙwaro in ya shiga gidan raga ya fi samun sakewa a kan na fili. Ba ruwan sama da zai doke shi, ba tsuntsu, masu cinsa duk ka kulle su a waje. Yanzu ƙofata biyu ce, da ɗan soro a tsakani, ba a buɗe ta ciki sai an rufe ta waje. Na rataye katin rawaya mai danƙo a soron da tsakanin layuka, kullum da safe shi nake fara dubawa kafin in gaida kowa. Huda ko ta kai girman kwabo a ranar nake ɗinke ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mai Kayan Gona: Akwai leda da raga da tiyon ɗiga-ɗiga a farashi mai sauƙi, a tuntuɓe ni ta akwati.

Shugaban Zaure: Malam, ranar talla Juma'a ce. Wannan gargaɗi na biyu ke nan.

Mai Walda: Mu koma kan tsagewar leda, don ba a amsa masa ba. Ƙanena, wace iri ka saya?

Sabon Shiga, Kura: Irin farar nan ta magina, wadda ake shimfiɗawa kafin a zuba kankare. Mai shagon ya ce duk ɗaya ne.

Mai Walda: Araha ba ta ado. Wannan ba a yi ta don rana ba, wata huɗu zuwa shida za ta fara marmashewa kamar busasshen ganye. Ta gidan shuka daban take, kaurinta maikiron 200, an haɗa ta da sinadarin da ke jure hasken rana, za ka ga an rubuta UV a jikinta. In an kula da ita tana shekara uku, wani lokaci fiye. Sannan ko mai kyaun ce, inda ta taɓa ƙarfe nan take fara mutuwa, don fayif da azahar ba ya taɓuwa da hannu. Akwai tef mai soso da ake mannawa a bayan ƙarfen. Wanda bai samu ba ya yayyanka tsohuwar leda ko farin tsumma ya nannaɗe fayif ɗin. Kuma duk inda aka yi walda a goge shi sumul, ɗan tsini ɗaya ya isa.

Injiniya, Samaru: In ƙara biyu. Farar wuta da ake fesawa ko turarawa saboda farin ciwon ganye tana cin ledar nan, haka magunguna masu sinadarin kulorin. A fesa a shuka, a daina wanke rufi da shi. Na biyu, wasu ledojin suna da ciki da waje. Ɓangaren da ke hana raɓa ɗiga shi ke kallon shuka, kuma a rubuce yake a jiki. Na ga wanda ya juya ta, ya dawo yana zagin kamfani.

Hajiya Mai Tattasai, Bukur: Wannan ɗigar raɓa ita ce azabarmu a Agusta. Ka shiga da asuba rufi na zubo maka ruwa a ƙeya kamar ana yayyafi. Ganye ya kwana a jiƙe, sai ruɓa mai toka-toka. Shi ya sa da damina ko sanyi ake ba na rufe labule ruf. Kuma ban ruwa da safe, ba da yamma ba.

'Yar Jami'a: Ranar rufewa fa, akwai lokacin da ya fi?

Mai Walda: Akwai. Ranar da ba iska, wannan shi ne na farko. Leda mai tsawon mita 24 in iska ta shiga ƙarƙashinta mutum shida ba sa riƙe ta, na ga ta ja ƙato a ƙasa. A bar ta ta ɗan sha ɗumi don ta yi laushi ta miƙe, in gari ya huce sai ta ɗame kamar ganga. Amma kar a ja ta da ƙarfin tsiya a tsakar rana, daren hunturu za ta tsuke ta yage a wurin ɗauri. In aka sa ta da sanyin asuba kuma, rana na yi za ta saki, ta riƙa faɗa-faɗa tana gogar ƙarfe, damina ta zo ruwa ya taru a cikinta kamar tulu. Ni na fi son la'asar sakaliya. Ɗauri kuma ba da ƙusa ba. Akwai ɗan kwararon ƙarfe da wayar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake cewa zigzag, ita ke danne leda da raga tare, kuma in za a canza a zare kawai. Mai ƙaramin ƙarfi ya naɗe bakin ledar a jikin katako siriri sau biyu ko uku, sannan ya buga. Kafin a sayo a jefa igiya ta kan baka a auna, a ƙara rara, kar a yi lissafi da ka.

Baba Mai Lambu, Kadawa: Duk kun manta da hadarin farkon damina. Wanda ke tasowa daga gabas da jar ƙura, ya yaye kwanon masallaci. Gidan da kuka ce a ƙara wa tsayi, ya zai yi da shi?

Mai Walda: Baba tambayar nan ita ce ta raba mai aiki da mai kwaikwayo. In tun farko ne, a juya kan gidan, wato gefen mita 8, ya kalli gabas, a sa masa ƙarafa a gicciye a kusurwoyi huɗu. Dogayen gefuna sai su kalli kudu da arewa, su sha iskar hunturu da ta damina a karkace. A ja igiyoyi masu faɗi ta kan ledar tsakanin baka da baka. Mai labule irin na Hajiya kuma, in hadari ya taso kar ya bar ɓangaren iska a buɗe ɗayan a rufe, gidan zai kumbura kamar balan-balan ya tashi da ƙafafunsa.

Ɗan Maraɗi: Layin dogon yaro ta gabas yana taimako, amma a ba shi tazara. In ya matso ya tare iskar da kuke nema.

Sabon Shiga, Kura: Nawa kudu da arewa ya miƙe, dogon gefen ne ke kallon gabas. Kuɗin tumɓuke shi babu. Kuma ni yanzu damuwata shukar da ke ciki. Akwai abin da zan yi gobe-goben nan?

Injiniya, Samaru: Gobe da sassafe ka yanke ledar gefe biyu da gaba da baya, ai ta riga ta mutu. Ka dama farar ƙasa tsararo-tsararo ka watsa a rufi ta waje. A Almeriya ta ƙasar Sifen, inda gidajen leda suka rufe ƙasa har ana hango su daga sararin samaniya, haka suke yi duk bazara. Ruwan farko zai wanke ta daidai lokacin da kake son haske. Da azahar ka jiƙa hanyoyin tsakanin layuka, ba ganye ba. Iskar Maris busasshiya ce, ruwan na tashi yana tafiya da zafi, dabarar randa ke nan. Ita ce Mohammed Bah Abba, malamin nan na Jigawa, ya yi amfani da ita a tukunya cikin tukunya har ya ci kyautar Rolex a 2000. A Agusta dai ba ta aiki, iska ta riga ta ƙoshi da ruwa. Kuma da hantsi ka riƙa girgiza igiyoyin da tumatir ya hau, tunda ba iska ba zuma da za su motsa furen.

Baba Mai Lambu, Kadawa: Ni kuwa cewa na yi ya tsinke abin da ya nuna, ya tuge sauran. Wahalar banza ce, wata biyu masu zuwa wuta ce. Ya fitar da karan ya ƙone, ya huta, ya tara kuɗin raga.

Injiniya, Samaru: Baba, in dai tugewa zai yi, to kar ya yanke ledar tukuna, zafin nan ma yana da amfani. Ya jiƙe ƙasar sosai, ya shimfiɗa farar leda wadda ake ganin ƙasa ta cikinta a kanta, ya kulle gidan ruf sati huɗu zuwa shida. Zafin zai rage tsutsar da ke sa saiwa ƙulli-ƙulli da irin ciyawa da wasu cututtukan ƙasa. Tandar da ya gina sai ta yi masa aiki sau ɗaya kafin a rushe ta. Yabanya kuma ya yi ta a wani wuri ƙarƙashin raga, sati uku zuwa huɗu ta isa dashe. In ya dasa ƙarshen Mayu, da wata biyu da 'yan kwanaki ya fara tsinka.

Baba Mai Lambu, Kadawa: Yau dai boko ya zo inda nake.

Hajiya Mai Tattasai, Bukur: Ni da zai ji tawa, zagayen farko na damina ya raba gidan, rabi tumatir rabi kokwamba. Kokwamba da sati shida ta fara ba shi kuɗin cefane. Sai dai ya nemi irin da ke yin 'ya'ya ba sai zuma ta taɓa ba, in ba haka ba a cikin raga fure kawai zai gani.

Sabon Shiga, Kura: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwana ina juya maganar. Layi biyu na tsakiya suna da 'ya'ya manya da ba su nuna ba, zuciyata ba ta ba ni in tuge su yanzu ba. Yau da safe na ɗage ledar gefen yamma na tokare da gora, na watsa farar ƙasa. Da azahar ma'auni ya nuna 43. Nan da kwana goma in na kwashe su sai in mayar in kulle kamar yadda Injiniya ya ce. Malam Mai Walda, ƙafafun nan guda nawa zan bukata, kuma fayif mai inci nawa?

Mai Walda: Ya danganta da tazarar bakanka. Ɗauko hoton gindin ɗaya kusa-kusa, da na inda ka haɗa su a sama, ka turo mini. Ka auna min kuma daga baka zuwa baka.